Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Yanke Shawara a Sakatariyar Ƙaramar Hukuma

Mutumin Gumel ko Rano ko Malumfashi zai iya yin shekara goma bai taka Abuja ba, amma da wuya wata ya wuce bai yi hulɗa da ƙaramar hukuma ba: tikitin kasuwa, kwatar da ake yanka, lambatun ƙofar gida, takardar shaidar asali da yaro zai kai makaranta. Duk da haka da yawanmu mun fi sanin sunayen ministoci a kan sunan wanda ke sa hannu a fitar da kuɗin gyaran famfon unguwarmu. Tambayoyin da ke nan su ne waɗanda aka fi ji a majalisun ƙofar gida da tarukan ƙungiyoyin ci gaban gari. Kowace jiha a Najeriya tana da dokarta ta ƙananan hukumomi, saboda haka sunayen wasu ofisoshi da tsawon wa'adi kan bambanta daga jiha zuwa jiha. Abin da aka kawo a nan shi ne wanda aka yi tarayya a kansa.

Wai mene ne ainihin aikin ƙaramar hukuma, kuma a ina aka rubuta shi?

Yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya jera ayyukansu. Akwai kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu da gidajen wanka da ba-haya na jama'a. Akwai hanyoyin cikin gari, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Akwai sa ido kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da allunan talla, da ba da lasisin keke, amalanke, baro da kwalekwale. Sannan jadawalin ya ce ƙaramar hukuma za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha a ilimin firamare da yaƙi da jahilci, kiwon lafiya da aikin gona.

Duk wanda ya karanta jerin nan zai ga cewa abubuwan da ke damun mutum tun daga fitowarsa daga gida da safe har ya dawo, yawancinsu a hannun wannan mataki suke. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar, har da shida na Babban Birnin Tarayya. Kano ce mai mafi yawa da 44, Katsina na da 34, Jigawa 27, Bayelsa kuwa 8 kacal.

Su wane ne a cikin sakatariya, kuma wa ke gaba da wa?

Rukuni uku ne, kuma rashin bambance su shi ke sa mutum ya wuni a ƙofar ofishin da ba zai iya yi masa komai ba.

Na farko ɓangaren zartarwa: ciyaman, mataimakinsa, sakatare, da kansiloli masu gafaka. Na biyu majalisar kansiloli, wato waɗanda aka zaɓo ɗaya daga kowace mazaɓa, suna da shugabansu da akawun majalisa. Na uku ma'aikatan dindindin, waɗanda ciyaman ke zuwa ya tarar ya kuma tafi ya bari: daraktan mulki da aka fi sani da DPM, ma'aji, odita na cikin gida, da shugabannin sassan ayyuka, lafiya, gona, ilimi da walwalar jama'a, da tsare-tsare. Manyan ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama ba ciyaman ke ɗaukarsu ko korarsu ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha ce ke ɗauka, ta ƙara girma, ta yi canjin wurin aiki. Shi ya sa za ka ga ma'ajin da ke garinku bana an mai da shi wata ƙaramar hukuma baɗi.

Mene ne bambancin kansila da kansila mai gafaka?

Kansila zaɓarsa aka yi, aikinsa wakilcin mazaɓa, yin dokokin gari, amincewa da kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe shi. Mai gafaka naɗa shi aka yi ya kula da wani sashe, kamar ayyuka ko lafiya, kuma ga ciyaman yake ba da rahoto. Idan maganar ita ce a sa aikinku cikin kasafi, wurin kansilanku za ku. Idan an riga an sa, ana jiran a fara, mai gafakar sashen da shugaban sashen su ne masu labari.

A ina ake yanke cewa unguwa kaza za ta samu kwalbati, unguwa kaza kuma ta jira?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin mutane da yawa suna ɗauka ciyaman ne kawai ke wayar gari ya nuna wuri da yatsa. Yana da tasiri babba, ba shakka, amma aikin sai ya bi ta takarda hawa-hawa, kuma a kowane hawa akwai inda jama'a za su iya sa baki.

Shekarar kuɗi tana farawa daga Janairu zuwa Disamba. A watannin ƙarshe na shekara, yawanci bayan damina ta ɗauke, ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha kan aiko da takardar umarnin a shirya kasafin baɗi. Kowane shugaban sashe ya rubuta abin da sashensa ke buƙata: sashen ayyuka ya lissafa kwalbatoci da rijiyoyin burtsatse da hanyoyin da za a zuba wa marmara, sashen lafiya ya kawo nasa, na gona ya kawo nasa. Sashen tsare-tsare da ma'aji su haɗa su wuri ɗaya, su auna da kuɗin da ake sa ran shigowa. Ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli, su tattauna, su gyara, su amince. A jihohi da dama sai an kuma kai wa ma'aikatar ƙananan hukumomi, wani wurin har kwamitin majalisar dokokin jiha, a kare shi kafin ya fara aiki.

Shiga kasafi ba ya nufin an fara haƙa. Idan lokacin aiki ya zo, sai shugaban sashe ya rubuta takardar neman izini da ƙiyasin kuɗi, a kai zaman kwamitin kuɗi da harkokin yau da kullum, wanda ma'aikata ke kira F&GPC. Ciyaman ke shugabantarsa, masu gafaka na ciki, shugabannin sassa kan halarta don yin bayani. A nan ake amincewa da kwangila da kashe kuɗi, a rubuta a littafin rahoton zama. Jiha kan ƙayyade iyakar kuɗin da ciyaman zai iya amincewa da su shi kaɗai, da iyakar kwamitin, abin da ya haura haka kuma sai da izinin ma'aikatar ƙananan hukumomi ko gwamna. Daga nan a rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, odita ya duba, sannan a biya. A tsarin da aka saba, daraktan mulki da ma'aji ne ke sa hannu a fitar da kuɗi daga banki, bayan ciyaman ya amince.

Abin da wannan ke nufi ga talaka shi ne: aikin da bai shiga kasafi ba, neman sa a watan Yuli wahala ce. Za a karɓe ku da fara'a, a ba ku ruwa, a yi alƙawari, amma babu layin da za a ɗora kuɗin a kai.

To yaushe ya kamata mu kai buƙatarmu, kuma ta yaya?

Kafin a rufe shirin kasafi, kuma a rubuce. Da zarar an fara girbi, ƙungiyar unguwa ta zauna ta zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka fi ci mata tuwo a ƙwarya. Takardar da ta jero buƙata goma sha biyar ba ta zuwa ko'ina, don ta bar wa mai karatu zaɓin wadda ta fi sauƙi ko ya bar duka. A rubuta wurin dalla-dalla: kwalbatin da ke tsakanin masallacin Juma'a da makarantar firamare, gida nawa ruwa ke shiga, yara nawa ke tsallaka wurin. A haɗa da hoto. Mai unguwa da dagaci su sa hannu. A kai kwafi ɗaya ofishin ciyaman ta hannun rajista, a tsaya sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. A ba kansila nasa, a ba shugaban sashen ayyuka nasa.

Wannan hatimin shi ne makaminku. Ciyaman na iya sauka, shugaban sashe na iya samun canji, amma kwafi mai hatimi yana nan, kuma shi za ku nuna wa wanda ya gaje su. Ina ganin wannan ya fi cika mota da dattawa a je gaisuwa nesa ba kusa ba, ko da yake babu laifi a haɗa biyun. Kuma a sa mata cikin masu zaɓen buƙatar. Su ne suka san famfon da ya fi daɗewa a lalace da asibitin da ungozoma ba ta kwana.

Daga ina kuɗin ƙaramar hukuma ke zuwa?

Mafi yawa daga Asusun Tarayya, wanda kwamitin FAAC ke rabawa kowane wata. A ma'aunin rabon da ake amfani da shi, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Tsarin mulki ya kuma wajabta wa jiha ta ba su wani kaso na abin da ta tara, abin da ba kowace jiha ke cikawa ba. Sai ɗan abin da ƙaramar hukuma ke tarawa da kanta daga kasuwa, tasha, kara da shaguna, wanda a yawancin ƙananan garuruwan Arewa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na tarayya.

Ina aka kwana kan asusun haɗin gwiwa da hukuncin Kotun Ƙoli?

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, inda ake zuba kason ƙananan hukumomi kafin a raba musu. Manufar ita ce jiha ta ƙara nata a kai ta miƙa. Abin da ya daɗe yana faruwa a jihohi da yawa shi ne akasin haka: a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarauta, kuɗin horar da ma'aikata, da ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, sannan a aika wa ciyaman abin da ya saura. Wasu daga cikin cire-ciren nan halal ne, dole a biya malamai. Inda gizo ke saƙar shi ne ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda ake yanke su a babban birnin jiha ba tare da kansilolin gari sun zauna a kansu ba.

A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi ta ƙasa, NFIU, ta fitar da ƙa'idar da ta hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Gwamnoni suka garzaya kotu. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024, a ƙarar da Antoni-Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantomomi. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Nan take jihohin da ke da shugabannin riƙo suka shiga shirya zaɓe. Amma batun tura kuɗi kai tsaye ya yi ta jan ƙafa bayan hukuncin, ana ta taƙaddama kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, wasu jihohi kuma suka yi sababbin dokoki da ke sa ƙananan hukumomi su mai da wani kaso asusun da jiha ke riƙe da shi.

Ra'ayina a nan a fili yake: hukuncin ya yi daidai, amma shi kaɗai ba zai gina kwalbati ko ɗaya ba. Idan kuɗi suka iso sakatariya alhali majalisar kansiloli ba ta zama, odita yana tsoron canjin wurin aiki, jama'a kuma ba su san nawa ne suka shigo ba, to wurin ɓarnar kawai aka sauya.

Ciyaman ya ce mana babu kuɗi. Ta yaya za mu san gaskiya?

Ofishin Akanta-Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, da sunanta. Duk mai waya da data zai iya dubawa. Sai dai adadin da aka ware daban, wanda ya iso hannun ma'aji daban, saboda cire-ciren da aka ambata. Don haka tambayar da ta dace a yi wa ciyaman, cikin ladabi, guda uku ce: ranka ya daɗe, nawa aka ware mana a watan jiya, nawa suka iso, sauran kuma me aka yi da su? Ciyaman mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, don ita ce ke wanke shi. Kuma a tuna albashi na cin kaso mai tsoka, musamman tun da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha, duka halal ne?

Wata doka ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. Na ƙaramar hukuma sun haɗa da kuɗin rumfa da shago, kuɗin kwata, kuɗin tasha, lasisin amalanke da baro, kuɗin allon talla, da kuɗin rufe hanya don biki. Dokar ta hana kafa shinge a kan titi don karɓar haraji. Ƙa'idar da kowane ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe ita ce kada ya biya sai da rasiɗi mai sunan ƙaramar hukuma da lamba. Ƙarin kuɗin rumfa kuma ba sarkin kasuwa ko malamin haraji ke yanke shi ba, sai majalisar kansiloli ta zartar.

Dattawa za su tuna haraji da jangali, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke a tsohuwar jihar Kano bayan hawanta a 1979. Soke su ya sauke wa talaka nauyi da wulaƙanci mai yawa. Tun daga lokacin kuma ƙananan hukumomi suka ƙara jingina da kason tarayya.

Ina matsayin hakimi, dagaci da mai unguwa a cikin wannan tsari?

A zamanin En'e, mulkin gari da baitulmali da kotu da 'yan doka duk a ƙarƙashin sarki suke. Gyaran da aka yi a 1976 ya kafa tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, guda 301 a farko, ya kuma mai da sarakuna masu ba da shawara. A yau hakimi ba ya sa hannu a bauca, ba ya kaɗa ƙuri'a a majalisar kansiloli. Amma babu ciyaman mai hankali da zai tayar da kasuwa, ko ya yanke rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya, ko ya fara rigakafin shan-inna, bai zauna da hakimi da dagatai ba. Hakimi kan zauna a kwamitin tsaro na ƙaramar hukuma tare da DPO da sauran jami'an tsaro, kuma ta hannun masu unguwanni ake sanin baƙon da ya sauka da gonar da ake jayayya a kanta.

Ƙaramar hukuma za ta iya ba ni fili ko gona?

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta raba abin biyu. Duk inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka. Inda ba a ayyana ba, ƙaramar hukuma na iya ba da takardar mallaka ta gargajiya, har eka-eka da yawa, sai dai abin da ya wuce hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Hedikwatocin ƙananan hukumomi da dama an riga an ayyana su a matsayin birni, saboda haka kafin ka biya kuɗin fuloti a bakin gari, ka tambayi ofishin ƙasa na jiha ko wurin yana cikin da'irar. Takardar ciniki da mai unguwa ya shaida tana da amfani, amma ba ta zama madadin takardar mallaka.

Rufin ajin firamare ya yaye, asibitin sha-ka-tafi babu magani. Wa za mu kama?

Makarantar firamare tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana amsa umarni daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Albashin malamai daga kason ƙaramar hukuma yake fita, manyan gine-gine kuwa yawanci SUBEB ke bayar da su. Don haka a fara da kwamitin gudanar da makaranta, a je ga sakataren ilimi, a ba kansila kwafi. Ƙananan asibitoci kuma a jihohi da yawa an tattara su ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa da ke sa ido kan asibitinta, kuma asibitocin da aka zaɓa suna samun kuɗi kai tsaye daga asusun da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Ku tambayi shugaban asibitin ko nasu na ciki, kuma wa ke wakiltarku a kwamitin.

Takardar haihuwa da takardar shaidar asali fa?

Takardar haihuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, tana da jami'ai a sakatariya da wasu asibitoci. Takardar asali ta ƙaramar hukuma ce, kuma ta kan biyo ta hannun mai unguwa, dagaci da hakimi kafin a sa mata hannu. Kada a jira sai ranar da za a rufe ɗaukar aiki.

Talaka zai iya shiga ya saurari zaman kansiloli, ko ya nemi ganin kasafi?

Zaman majalisa na jama'a ne a bisa asali, kuma akawun majalisa ya san ranar zama. Matsalar da aka fi samu ita ce majalisar ba ta zama a kai a kai, sai lokacin kasafi ko idan rikici ya taso da ciyaman. Wannan ma abin tambayar kansilanku ne: sau nawa kuka zauna bana, me ka gabatar? Game da takardu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. An daɗe ana gardama ko ta shafi jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a 2025 cewa ta shafe su.

Me ya sa jam'iyyar gwamna ke lashe kusan duk kujeru a zaɓen ƙananan hukumomi?

Saboda hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna kuma ke naɗa shugabanninta. INEC na shirya na Babban Birnin Tarayya ne kawai. A Oktoban 2024 NNPP ta ɗauki kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 a Kano, APC kuma ta ɗauki duka 23 a Kaduna. Ba halin jam'iyya ɗaya ba ne, kowace mai mulki haka take yi. An ga bambanci a Kaduna a 2018, lokacin da aka yi amfani da na'urar zaɓe, 'yan adawa suka ci wasu ƙananan hukumomi. Illar wannan hali ga gari ita ce ciyaman ya fi jin tsoron wanda ya tsai da shi a kan wanda zai zaɓe shi. Muddin haka ne, inda jama'a suka fi tasiri shi ne lokacin fitar da ɗan takarar kansila a mazaɓa, inda kowa ya san ɗan wane ne da irin halinsa.

'Yan uwanmu na Nijar ma haka tsarinsu yake?

Akwai kama, akwai bambanci. A can, kafin Afrilun 2024, jama'a ke zaɓen kansiloli, su kuma su zaɓi magajin gari daga cikinsu, sarakunan gargajiya na zama a majalisa don ba da shawara. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun, ta naɗa waɗanda za su riƙe garuruwan.

Ɗan kwangila ya karɓi kuɗi ya bar aiki rabi. Ina za mu kai kuka?

A fara tattara shaida: hoton aikin da kwanan wata, sunan kamfanin idan akwai allo, da shekarar da aikin ya fito a kasafi. A tabbatar aikin na ƙaramar hukuma ne, domin rijiyoyi da ajujuwa da yawa ayyukan mazaɓu ne na 'yan majalisar jiha ko ta tarayya, kuma sakatariya ba ta da fayil ɗinsu. Idan nata ne, a rubuta wa ciyaman, a ba shugaban majalisar kansiloli kwafi, domin majalisa na da ikon kiran shugaban sashen ayyuka ya yi bayanin yadda aka ba da takardar kammala aikin da ba a kammala ba. Idan shiru ya yi yawa, akwai Babban Odita na ƙananan hukumomi a kowace jiha, da kwamitin majalisar dokoki mai kula da ƙananan hukumomi. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya mai ofis a kowace jiha, Kano kuma tana da tata hukumar ta karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC na bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. A sa hannun mutum da yawa a takardar, da sunan ƙungiya, don kada a ware mutum ɗaya a matsa masa, kuma a ajiye kwafi mai hatimi na kowace takarda da aka kai.